Zabeirou Ya Ɗauki Wasa da Bature

Zabeirou taubashina ne. Uwata da ubansa nono ɗaya suka sha a Bouza, don haka tun muna yawo ba wando nake da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuwa ba shi da izinin yin fushi. Yana ce mani bawansa, ina ce masa bawana, tsofaffin da za su raba gardamar kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni Sallaou na ɗan taɓa lakwal, wato boko, kafin mushe malaminmu ya gaji da ni, shi ya sa alƙalami ya faɗo hannuna ba nasa ba. In aka karanta masa wannan zai ce ƙarya na shirga. To, ba duka ba.

Allah bai halicci mai zargi irin Zabeirou ba. In ka gaishe shi da fara'a sai ya dafe aljihu. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, sai ya kwana yana neman wanda ya zuga ka. Da muka hau kamiyo, babbar motar kaya, daga Agadez, bai sha ruwan jarka ba sai ya ga wani ya sha ya kuma yi rabin yini bai mutu ba. Ranar da muka sauka Sabha, can ƙasar Larabawa, ya rantse ba Sabha ba ce, direba ya sayar da mu wani gari. Sai da na ja shi na nuna masa tsohuwar ganuwar nan ta bisa tudu, ya dube ta ya ce, "Ana iya gina irinta."

Lokacin nan kuɗin fetur ya buɗe, garin duk ya zama siminti da ƙarfe. Ko akuya ta tsaya wuri ɗaya ta daɗe sai a yi mata filasta. Muka sami ɗaki a unguwar Gurda, muka shiga aikin gini. Ni na tsaya nan. Shi bayansa ya ƙi buhun siminti, sai Allah ya ba shi aikin kuku a wani kamfanin Turawa masu haƙa rijiyoyin burtsatse, can gefen gari, cikin gidajen kwano masu na'urar sanyi. Kamfanin ne ya yi masa iƙama, takardar zama ke nan. In aikin ya tafi, iƙama ta bi shi, sai shurɗa, ƴan sandan ƙasar, su loda mutum a mota su juye shi bakin iyaka. Ga shi kuma matarsa Saoudé ta zo, ta zauna, har ciki ya tsufa. Mace mai ciki haka ba ta ƙetare hamadar Tenere a bayan kamiyo. Zabeirou ya san wannan, da shi yake kwana da shi yake tashi.

Abu ɗaya Allah ya ba shi bayan zargi, kunne. Ya ji maganarka sau ɗaya, ya ɗauke ta ke nan. Yana yi mana Bakano mai jan magana kamar yana auna yadi, yana yi mana Badamagare, yana yi mana Buzun da ya koyi Hausa a kasuwar raƙuma, har mu riƙe ciki. Turanci kuwa ba ya ji, in ban da shayi da ƙwai da "zo nan". Amma kafin wata ya zagayo ya raba Turawan nan gari-gari, da kunne kawai.

"Ba ƙasarsu ɗaya ba," in ji shi. "Ko kuma ƙasarsu ɗaya amma ba sa son juna."

Akwai mudir, shugaban wurin, Mista Harkot. Shi leɓensa na sama ba ya motsi, magana na fitowa ta hanci a hankali, kamar mai tsoron kada ta zube. Zabeirou ya ce wannan ɗan birni ne, ɗan fada. Akwai wasu ƙarti masu aikin inji da ke haɗiye ƙarshen kowace kalma, suna magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ya ce waɗannan Adarawansu ne, irinmu, mutanen dutse. Sai kuma babban mai haƙa, wani dogo mai jan gashi da ake kira Kibni. Muryarsa taushi gare ta, tana hawa tana sauka kamar mai lallashin jariri. Wannan Zabeirou ya rasa garin da zai ajiye shi, kuma abin da Zabeirou ya rasa wurin ajiyewa, to ya zama abin tsoro.

Ran Juma'a ba aiki. Ni kan je in taya shi hira, wato in taya shi cin ragowar naman Turawa. Bayan abincin rana sai su ja kujeru gaban talabijin, su sa kaset ɗin da ake aiko musu daga gida. Wasannin ban dariya ne gajeru-gajeru, wannan na ƙarewa wancan na farawa. Mutum ɗaya zai fito da gashin baki, an jima ya fito da rigar mata, an jima ya fito likita, kowane da irin muryarsa. Muna leƙe ta tagar da ake miƙa abinci. Abin da ya fara damun Zabeirou shi ne dariyar. Ana jin jama'a suna ɓarkewa da dariya a cikin akwatin, amma ba a ganin kowa.

"Su wane ne?" ya ce. "Mutumin kirki in zai yi dariya ai sai ya fito a gan shi."

A kowane kaset kuma akwai wani wawa. Hula yagaggiya, wando a naɗe, shebur a kafaɗa. A ce ya hau tsani, sai ya hau ya janye tsanin sama ya rasa hanyar sauka. A ce ya riƙe guga, sai ya riƙe ta a kife yana mamakin inda ruwa ya tafi. In ya buɗe baki sai ɗakin ya ɗauka da shewa tun bai gama ba, ƙartin inji suna waiwaye suna kiran, "Kibni! Kibni!" Zabeirou ya kama hannuna ya matse.

"Ka ji muryar? Ta jan gashi ce. An ƙara mata gishiri, amma ita ce."

Kibni kuwa ba ya zama. Da an sa kaset sai ya tashi ya shigo kicin, ya jawo akwatin katako ya zauna, ya ɗauki wuƙa ya kama feren dankali. Ya fere, ya jefa cikin ruwa, ya ɗauki wani. Bature, babban mai haƙa, yana fere dankali a kicin ɗin Zabeirou!

Ni na ce mutumin kirki ne. Zabeirou ya dube ni irin duban da ake wa wanda rana ta taɓa.

"Bawa, kai dai ci ka sani. Leƙen asiri yake. Yana duba yawan man da nake zubawa, yana duba wa ke cin nama. Kai yake dubawa ma. Kuma ka san wa ya aiko shi? Ayad."

Ayad direban kamfanin ne, Bafazzane, wato ɗan yankin, baƙi kamar mu, kakarsa daga wajen Katsina aka zo da ita, don haka yana da Hausa ƴar kaɗan mai ɗingishi. Laifinsa ɗaya: yana da suruki mai suna Fathi wanda ya iya dafa makaroni kuma ba shi da aiki. Tun ranar da Zabeirou ya ji haka, ko sallama Ayad ya yi sai ya juya ta ya duba ƙarƙashinta.

Wata Juma'a muna komawa Gurda a ƙafa, sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya har wata tifa ta kusa kwashe shi.

"Na gano. Taubasai ne."

"Su wa?"

"Mutanen Kibni da mutanen Harkot. In ba wasa tsakaninku, wa zai sa muryarka a bakin wawa, a gabanka, kowane mako, kai kuma ba ka ɗauko sanda ba? Wasa ne. Shi dai bakinsa ba kaifi, shi ya sa yake gudowa kicin."

Daga nan ya shimfiɗa mani dabararsa. Baƙo a gari yana cin wasan maigidansa, kowa ya san haka. In ka sauka gidan Bagobiri, to Katsinawan garin duk sun zama abokan wasanka. Shi kuwa abincin Harkot yake ci, don haka Kibni taubashinsa ne. Taubashi kuma ba ya kai ƙararka. Ba ya raba ka da abincinka. Ko ya kama ka da cinyar rago a cikin riga, iyakarsa ya yi maka tsiya a gaban mutane. Abin da ya rage kawai a buɗe wasan a gaban shaidu, shi ke nan an ɗaure hannun ɗan leƙen asiri.

Wallahi ni ma a lokacin na ga hankali a ciki. Amma na ce a tambayi Ayad, tunda yana jin Turanci.

Ayad ya saurara, ya ajiye kofin shayinsa. "Ya Zubair, a'a. Kibni ba Inglizi. Irlandi. Ƙasa dabam, ruwa tsakani. Inglizi ya ci ƙasa nasu, yunwa, yaƙi. Har yanzu ana harbi, rediyo yana faɗi. Kar ka yi."

"Katsinawa da Gobirawa ba su yi yaƙi ba?" in ji Zabeirou. "Je ka Maraɗi yau ka gani. Wane wasa ne bai fara da yaƙi ba?"

Da Ayad ya tafi sai ya ce mani, "Ka ga yadda ya firgita? Ya san in na yi, Fathi ya rasa."

Ya yi kwanaki yana gwaji a ɗaki, da muciyar Saoudé a madadin shebur. Sai ga Juma'ar da inji ya tauna kaset, zaren ya fito kamar hanjin kaza. Turawa suka zauna jugum. Kibni bai sami dalilin tashi ba, yana zaune da shayinsa. Zabeirou ya naɗe wando, ya kifa wata tsohuwar hula, ya saɓa shebur, ya fita.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ko kalma ɗaya ta Turanci babu a bakinsa, amo ne kawai, hawa da sauka, amma ka rantse wawan akwatin ne ya fasa gilashi ya fito. Ya hau tsanin da babu shi, ya janye shi, ya leƙa ƙasa yana sosa ƙeya. Ya je gaban Kibni ya tsaya, ya karkace kai, ya zuba masa muryarsa a fuska. Ƙartin inji suka faɗo daga kujeru. Ɗaya ya shaƙe har sai da aka buga masa baya. Harkot da kansa ya rufe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa.

Zabeirou ya tsaya yana jira. Yanzu ne taubashi zai fizge hular, ya ce kai bawan gidanmu, wa ya kwance ka. Har ya ɗan sunkuyar da kai don a ji daɗin fizgewa.

Kibni ya yi ja, ya koma fari. Ya ajiye kofi a hankali, ya dubi Zabeirou, ba irin duban mai fushi ba, irin na wanda ya jingina da bango bangon ya zame. Ya tashi ya fita.

Abin mamaki, aikin Zabeirou bai taɓa zama daram kamar makon nan ba. Harkot ya aiko Ayad ya ce kowace Juma'a a riƙa yi, ya fi kaset. Ƙartin inji suna ba shi taba, shi da ba ya sha. Amma Kibni bai ƙara taka kicin ba, abincinsa ma a wajen injin haƙa yake ci. Zabeirou ya daina barci, ya rame har wuyansa ya yi kamar na zalɓe.

Saoudé ce ta gaji da juye-juyensa. Ina nan zaune ta tambaye shi, ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa ba.

"Malam, ya rama?"

"Bai rama ba."

"Su waɗancan masu yi masa dariya, ka taɓa ganin ya yi musu irinta?"

"Ban gani ba."

"To ba wasa ka yi ba. Zagin mutum ka yi a gaban maƙiyansa."

Kada ku ce tausayi ne ya kama shi, ban san shi da wannan ba. Lissafi ya yi. Mutumin da aka yi wa haka bai rama ba, ajiya yake, kuma ajiyar Bature takarda ce, ranar da zai fito da ita sai dai ka ga shurɗa a ƙofa. Gara a je a karɓi ramuwar tun tana ƙarama.

Muka same shi da hantsi a filin da ake ajiye bututu, hannunsa duk baƙin mai. Dole aka tafi da Ayad don tafinta, Zabeirou na harararsa kada ya sauya magana a hanya. Ya ajiye hular da shebur a gaban Kibni.

"Gaya masa ya rama. Ya yi tafiyata, ya yi maganata, ya ce ni bawan kakansa ne. Ga Sallaou, kullum haka yake mani, dubi ƙaton kansa, ban taɓa kai shi ƙara ba."

Ayad ya yi ta fama, ya haɗa da hannu da ƙafa. Kibni ya goge hannu ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya.

"Yana cewa," in ji Ayad, "a ƙasa naku, wanda an yi masa dariya, shi ma yana yi?"

"Dole! In ba haka ba ina wasan?"

"Yana cewa, a cikin akwati, ka taɓa gani mai shebur ya yi dariya na mai hanci?"

Zabeirou ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Ni ma na lura. Na ɗauka akwai kaset ɗinku, Harkot ne ya ɓoye."

Da Ayad ya juya wannan, Kibni ya zauna kan bututu ya yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta sosai. Ya ce babu wani kaset. Ya ce su da mutanen Harkot ba taubasai ba ne, maƙwabta ne kawai, kuma babansa da shebur ya yi aiki a ƙasarsu har bayansa ya lanƙwashe. Ya ce ba zai kai ƙarar kowa ba, dankali kuwa yana ferewa ne don a kicin ba a kiran sunansa. Ya miƙa wa Zabeirou hularsa, ya koma aiki.

A hanya na ce to Alhamdu lillahi, magana ta mutu. Zabeirou ya ce ba ta mutu ba. "Ya ce ba zai kai ƙara ba. Ka taɓa jin mai kai ƙara ya ce zai kai? Wasan nan ƙafa ɗaya gare shi. Sai an yi masa ta biyu zai tsaya, in ya tsaya kuma ya ɗaure kowa, har Harkot."

Na roƙe shi. Na ce ka tuna cikin Saoudé. Ya ce shi yake tunawa.

Juma'a ta zo, aka ja kujeru, Harkot ya tafa hannu a fito da mai shebur. Ayad ya je ya jawo Kibni, Kibni ya tsaya bakin ƙofa. Zabeirou ya fito ba hula ba shebur. Ya goya hannu a baya, ya ɗaga haɓa, ya taka a hankali kamar ƙasa ba ta cancanci takalminsa ba. Ya ɗauki kofin shayi da yatsa biyu, ya sansana, ya ajiye. Sannan ya daskarar da leɓen sama ya saki amon nan ta hanci.

Kowa ya waiwaya ya dubi Harkot. Sai ɗaya daga ƙartin inji ya fashe da dariya. Ashe sun daɗe da ciwon mutumin nan a ciki. Suka yi ta bugun tebur, wani na nuna Harkot da yatsa yana hawaye. Kibni ya riƙe ƙyauren ƙofa yana dariya har ya durƙusa. Harkot ya yi murmushi, ya tafa sau biyu, ya duba agogonsa, ya fita.

Kafin wata Juma'ar, Fathi na tsaye a kicin yana dafa makaroni.

Ranar da aka sallame shi, Zabeirou ya dawo Gurda ya zauna bakin ƙofa. Saoudé ta fara ɗaure kwanoninta a zane. Da la'asar sai ga motar kamfani ta tsaya, yara suka kewaye ta. Ayad ya fito, Kibni na biye. Ayad ya ce za a kai injin haƙa Wadi Bawanis, wajen Zighan, aikin zai daɗe, kuma mai haƙa shi ke zaɓen wanda zai dafa masa, ba mudir ba. Tanti ne, ba na'urar sanyi, ƙuda kuma sai ka kore su kafin ka ga tukunya. Amma sunan Zabeirou na nan cikin ma'aikatan kamfani, iƙama ba ta motsa ba.

Saoudé ta kwance ƙullin kwanoni. A Gurda ta haihu, mace, aka sa mata Safoura.

Ran suna Kibni ya zo da buhun dabino daga Zighan, ya zauna kan tabarma ƙafafunsa sun rasa inda za su shiga. Da aka gama addu'a sai ya miƙe a gaban mutanen unguwa, ya dafe aljihu da hannu biyu, ya ƙanƙance ido, ya duba hagu ya duba dama, ya ɗaga murfin tukunyar da babu ita ya leƙa ciki, yana wani gurnani wai shi Hausar Adar. Bai iya ba ko kaɗan, kamar raƙumi na koyon rawa. Amma kowa ya gane wa ake nufi, mata har suna leƙowa ta katanga suna guɗa.

Zabeirou ya tashi ya fizge hular Baturen ya ce, "Zauna, bawan gidanmu." Sannan ya matso kusa da ni ya raɗa mani, "Ka ga yadda ya iya dafe aljihun? Wannan ba jiya ya fara kallona ba."

Shekara huɗu suka yi tare a Wadi Bawanis, har kamfanin ya naɗe kayansa.